Shimfiɗar Motar Iro da Harshen Hajiya Kande

Da ana kwance aikin da ya wuce kamar yadda muke kwance noti, da na kwance robar da na shimfiɗa a bayan motar Iro tun kafin ta bar ƙofar shagona. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na ba shi shawara, ni na yanka ta, ni na manna ta, har na bubbuga ta da tafin hannu na ce ya je ya yi ta lodi. Ina rubuta wannan ne saboda matasan da ke tsayawa a kaina ina aiki, suna cewa, "Baba, wannan ai ba wani aiki ba ne. Ka auna, ka yanka, ka shimfiɗa." To, ku gyara zama ku ji.

Sunana Garba, kafinta ne ni a Makarfi, amma ba na gado da kujera ba. Aikina bayan mota, wato shimfiɗar da ake yi wa akori-kura don kada kaya su ci ƙarfenta, kada kuma ƙarfen ya ɓata kaya. Na koya a hannun Maigida Tanimu, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: zarto, guduma, gizago, sifana, abin huda na hannu, da wani burushin waya da ya cinye har ya kusa zama sanƙo. Na daɗe a wurinsa ban taɓa zarto ba. Burushin nan kawai yake miƙo mini, in hau bayan mota in yi ta kankare tsatsa har yawuna ya koma ja.

Idan aka kawo mota, Maigida ba ya fara ɗauko abin awo. Hawa yake ya tsuguna, ya bi kwarin ƙarfen da yatsa, ya duba abin da ya maƙale a ciki. Sannan ya tambayi mai ita, "Me kake ɗora mata da damina? Da kaka fa? Da rani fa?" Domin motar ƙasarmu ba ta da kaya ɗaya. Wadda ta ɗauki taki a farkon ruwa, ita za ta ɗauki masara, ita za ta ɗauki rake, ita za ta ɗauki kwandunan tumatir, ranar kasuwa kuma a ɗaure mata sa.

Akwai wata mota da aka kawo mana daga Saulawa ina yaron shago. Mai ita ya shimfiɗa roba tun ranar da ya saya, bai taɓa ɗagawa ba, yana alfahari cewa bayan motarsa ko ƙwarzane babu. Muka kama gefen robar muka ja, sai ƙarfen ya biyo ta ɓaro-ɓaro kamar ƙanzo. Ta wani wurin ana hango ƙasa. Takin zamani ne ya riƙa zuba yana shiga ƙarƙashi, ruwa ya bi shi, iska ba ta shiga. Na daɗe a tsaye ina kallo. 'Yan fararen ƙwayoyin nan da muke dumbuza da hannu mu zuba wa masara, su suka cinye ƙarfen da guduma ba ta iya fasawa. Ikon Allah ya wuce a gama ganinsa.

Daga baya na ga iri-iri. Na ga kwandon filastik ɗin da ke zuwa a jikin motocin waje, mai kyau ga ido, amma da saniya ta yi fitsari a kansa sai ya zama santsi. Wani Bafulatani daga Taba ya rantse mini ba zai sake ɗora dabbarsa a kan irinsa ba, don a gwiwa ta iso kasuwa. Na ga farantin ƙarfe mai gurje-gurje, wanda masu ɗaukar bulo da yashi ke so, amma da rana ta take ba ka iya taka shi ba takalmi. Na ga fentin nan mai kauri da ake fesawa a birni. Kowanne da kayansa. Mu dai namu katako ne, maɗaci idan an samu, mu shafe shi da baƙin mai na inji don gara da ruɓa. Haka Maigida ya yi, haka na gada, ban kuma taɓa tambayar kaina ko akwai kayan da hakan bai dace da su ba.

Sai aka yi shekarar da katako ya yi wuya. Manyan motocin da ke kawo shi daga kudu suka ɗauke ƙafa, wanda ya iso kuma ɗanye ne, ga tsada. Sai in wuni a shago ban buga ƙusa ɗaya ba. Yara suka fara yanko roba daga tsofaffin tayoyin manyan motoci, a miƙe ta, a manna da gam, cikin rabin wuni an gama. Ni ma na sayo na jibge a shago, na ce in ba haka ba tukunyar gidana za ta huce.

A wannan shekarar ne Iro ya zo. Mutumin Nasarawan Doya ne, manomin rake, kuma mai dafa mazarƙwaila, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Ya gaji da hayar mota, ya tattara ya sayi tsohuwar akori-kura. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Garba, ƙasanta duk lotsa ne. Mazarƙwaila kuwa ka san ba ta son bugu, farfashewa take. Me za a shimfiɗa?"

Na ji ya ce mazarƙwaila, da kunnena na ji. Amma idona na kan robar da ke jingine a bango. Na ce, "Roba mana. Taushi gare ta, ko ƙwai ka ɗora ba zai fashe ba."

Azumin shekarar ya faɗo cikin zafi, ana saura kaɗan a kama. Lokacin ne mazarƙwaila ke tashi, don kowane gida na son ta kunu da ta ɗan abin buɗe-baki. Ba a jima ba sai ga Iro ya dawo da hantsi, motar cike da buhuna, an lulluɓe da tampol. Bai ko kashe inji ba ya sauko, ya ɓantaro gutsure ya miƙo mini.

"Malam Garba, ɗanɗana aikinka."

Na tauna. Na ce, "Ni dai zaƙi na ji."

Ya ce, "Ni ma zaƙi na ji. Amma Hajiya Kande ta ce taya ta ji. Ta ce ko buhu ɗaya kada a sauke mata."

Hajiya Kande tsohuwa ce a nan garin, ta yi ƙuruciyarta tana dafa alewa, da girma ya zo ta koma dillancin mazarƙwaila a rumfar ƙofar gidanta. Fatake daga arewa wurinta suke sauka. Abin da ta ce a ɗauka shi suke ɗauka, ba sa ko kwance bakin buhu. Ita ta saya a hannun mahaifin Iro har ya rasu, ita ke saya a hannun Iro. Wanda ta saki kuwa, sai dai ya koma bakin titi yana sayarwa da ɗai-ɗai.

Na sa hula muka tafi tare, zuciyata na cewa tsufa ne kawai da son a san da ita. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa a tsanake, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi zafi, sannan ta dube ni.

"Garba na Tanimu, ashe kai ne ka koma dafa wa mutane taya?"

"Hajiya, a cikin buhu fa take. Ba ta ko taɓa robar ba."

"Kai ma in ka zauna kusa da mai tuya ai ba ka taɓa kaskon ba, amma matarka ta san inda ka biya."

Ta jawo filas, ta zuba ruwan zafi a kofi, ta jefa gutsure ɗaya ta juya, ta miƙo mini. Na kai hanci. Ga shi nan kuwa, can a ƙarƙashin ƙanshin rake, wani ɗan wari kamar idan mota ta ja birki da ƙarfi. A sanyi ba ya fita, sai ya ji zafi. Ita kuwa da busasshiyar ta gane, a kan harshe.

Ta ce, "Wannan za a zuba a kunu. Mutum ya wuni da ƙishi, ya ce bismillah ya kurɓa, ya ji taya. Sunan wa za a kira? Ba na Iro ba, ba naka ba, nawa." Ta juya wajen Iro. "Ɗana, da ɗuminta ka loda ta, ka rufe da tampol, ka bi rana da ita. Mazarƙwaila kuwa duk abin da ta zauna kusa da shi sai ta sha. Akwai sauran rake a gona?"

"Na dahuwa ɗaya ne ya rage, Hajiya."

"To, ka dafa ka kawo. Amma ka ji ni da kyau. In azumi ya kama ba na ɗanɗana abu da rana, ba na ciniki bayan an sha ruwa, ba na kuma sayen abin da ban ɗanɗana ba. Fatake na hanya. In ba ka iso kafin a ga wata ba, ko ka iso da wari, zan ba wani gurbinka. Ba don ba na ƙaunar gidanku ba."

Wancan lodin a wurin masu turkar shanu ya ƙare, a wulaƙance. Iro bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Garba, ɗaya ta rage mini. Ka zaɓa da kyau."

Na koma shago da niyyar in nemo maɗaci ko a ina yake, in shafe shi da baƙin mai yadda na saba. Har na ɗauko galan ɗin, sai warinsa ya bugi hancina, na ajiye. Na ce wannan karon ba ni zan zaɓa ba, mazarƙwailar ce za ta zaɓa. Na sayo mazarƙwaila mai kyau a wurin wani, na rarraba. Na tattaro guntaye: roba, maɗaci mai mai, maɗaci tsura, ƙarfe mai sabon fenti, da wani guntun malaina busasshe da na tsinta a bayan ƙofa, farin katakon nan da ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Na ɗora gutsure a kan kowanne, na kife da kwano, na jera a kan rufin shago tun hantsi har la'asar. Da na sauko da su na naɗe kowanne a ganye, na ɗaure da zare kala dabam don ni kaɗai in san wanne ne wanne.

Abin da na gani a rumfar Hajiya a ranar, har in koma ga Allah ba zan manta ba. Ta kurkure baki. Ta ɗauki na farko ta lasa, ta tofar.

"Ka dawo mini da tayarka."

Ta ɗauki na biyu. "Wannan a garejin makanikai ta yi zama."

Na uku ko lasa ba ta yi ba. "Dubi yadda ta narke ta baje. Ƙarfe ne, ga fenti a kai."

Na huɗu ta daɗe tana juya shi a baki. "Wannan da sauƙi. Amma akwai ɗaci can a maƙogwaro, bayan zaƙin ya wuce. Itace ne mai ɗacin ɓawo."

Maɗaci ne, wanda na yi niyyar shimfiɗawa. Na shekara da shekaru ina yanka shi, ƙurarsa na shiga bakina, na san da ɗacin, amma ban taɓa zaton zai ratsa abinci daga zama kawai ba. Ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe zarto ba tana karanta mini shagona da harshe, kamar tana ciki lokacin da nake jera kwanonin.

Ta ɗauki na ƙarshe. Ta lasa, ta sake lasa.

"Wannan ba ta hau komai ba. Ka sako ta ne don ka gwada ni."

"Wallahi ta hau, Hajiya."

"To, abin da ta hau ɗin shi za ka shimfiɗa. Tashi ka ba ni wuri, ka shanye mini yawu."

Sanin itacen bai zama samunsa ba. Na je har Zariya wurin masu katako, malaina akwai, amma duk ɗanye, yana tsami, kuma ɗanyen katako murɗewa yake in ya sha rana. Na dawo hannu wofi. Ina sauka daga mota idona ya faɗa kan dogon bencin da ke ƙofar shagona, wanda dattawan unguwa ke zama a kai suna hira. Malaina ne, shi da shiryayyun allunan da nake ɗora kayan aiki a ciki, duk sun shekara suna bushewa. Na ɗauko guduma. Malam Sani tela na zaune a kai, na ce ya ɗaga.

Ya ce, "Garba, lafiyarka kuwa? Talaucin har ya kai ka cin benci?"

"Mota zan shimfiɗa wa."

"To, mu kuma a ina za mu zauna?"

"Ku je gida, iyalanku sun manta kamanninku."

"Allah ya isa tsakaninmu da mazarƙwaila," in ji shi, amma shi ya riƙe mini ƙafar bencin har na zare ƙusoshin.

Ku da kuke cewa aikin auna-yanka-shimfiɗa ne, ga yadda ya tafi. Na ɓamɓare robar. Gam ɗin da ya rage, da fetur muke wanke irinsa, amma ban yarda ko ɗigo ya taɓa motar ba. Da wuƙa na kankare shi, na bi da ruwan zafi da toka, na bar ta a rana ta bushe. Ban shafa jan fentin hana tsatsa ba, na ce wannan sai bayan salla. Allunan na fere fuskarsu har sabon farin ya fito. Na sa 'yan sanduna a ƙarƙashi suka ɗaga su daga ƙarfe, don zafinsa kada ya hau, iska kuma ta riƙa wucewa. Na bar 'yar tazara tsakanin allo da allo. Kawunan noti na nutsar da su cikin itace don kada su yaga buhu. Na yi shimfiɗar gida biyu, yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya fitar, domin katakon da ba a shafa wa mai ba abincin gara ne. Na gaya wa Iro da damina ya cire ya jingine a kan duwatsu a inuwa, ya mayar da roba don taki, ya riƙa ɗaga ta yana wankewa.

Ranar da za a duba wata na bi shi gona da sassafe. Duk zamana kusa da masu dafa mazarƙwaila, ban taɓa tsayawa na kalle ta da kyau ba sai a waɗannan kwanakin da nake kai da kawo wajen gwada allunan. Doki na zagaye yana juya injin matsa, ruwan rake na zuba kore-kore. Ana hura wuta da busasshiyar tuƙar raken, wato shi ke dafa kansa. Ana kwashe kumfa, ana juyawa, har ruwan nan ya yi kauri ya koma ja, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Raken da ya kusa shekara a ƙasa ana ban-ruwa, ga shi ya dawo abin da za ka rufe a tafin hannu. Wannan ne na ɗora a kan taya.

Wannan karon an bar ta ta huce sarai. Muka baza busasshen ganyen rake a kan allunan, muka jera buhuna, muka rufe da zana maimakon tampol. Iro ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya.

Mun tarar da fatake biyu zaune a rumfar, da motar wani mai mazarƙwailar a gefe, shi ma yana jira. Hajiya ba ta yarda an miƙo mata daga sama ba. Ta ce, "Na can ƙasa, na tsakiya, wanda ya kwanta a kan katakon." Sai da muka sauke rabin lodi muka zaro shi. Ta ɓantara ta sa a baki. Ta zuba ruwan zafi, ta jefa wani, ta shaƙa, ta kurɓa. Iro na tsaye da hula a hannu, gumi na bin wuyansa.

Ta ajiye kofin. Ta dubi fataken ta ce, "Wannan rake ne da wuta, ba na ukunsu. Ku ɗauka." Sannan ta ce wa Iro, "Ka ɗan bar ta a wuta fiye da yadda babanka ke yi. Baɗi ka kula."

Iro ya nemi wuri a ƙasa ya zauna, ya ce, "Alhamdulillahi. To, Hajiya." Har yau ita ke saya a hannunsa.

Abin da nake roƙonku, ku masu tasowa a wannan aiki, kada ku shimfiɗa wa mota abu don kawai shi ne jingine a bangon shagonku, kada kuma don shi maigidanku ya saba. Ku karɓi ɗan kayan da za ta ɗauka, ku ɗora a kan abin da kuke niyya, ku ba rana ta yi aikinta. In hancinku bai kai ba, kamar yadda nawa bai kai ba, ku nemi wanda nasa ya kai, ku cire takalmi ku durƙusa ku tambaya, tun mai kaya bai loda noman shekararsa ba.